Motar da Ba a Tsayarwa

Shekara ashirin da uku yayana ya yi yana ba da hannu a mararraba guda. Hanya huɗu ce ta haɗu a wurin. Ɗaya ta fito daga kasuwa, ɗaya ta nufi babban asibiti, ɗaya ta gangara tashar mota, ta huɗun kuma ta haura unguwar ofisoshin jakadanci, inda bishiyoyi suka fi mutane yawa. A tsakiya akwai wani ɗan dandamali na siminti da aka kafa wa rumfar kwano, faɗinsa bai wuce taku biyu ba. Nan ne ofishin Yaya. Sau biyu ana dasa danja a wurin, duk ta mutu ta bar shi.

Direbobi Farin Hannu suke ce masa, saboda safar hannunsa. Da kansa yake wanke ta in ya dawo, ba ya yarda matarsa ta taɓa, wai ba ta cuɗa tsakanin yatsu. Ni ƙanwarsa ce, mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari, kuma ba zan ɓoye ba, Yaya ba mutum ne mai daɗin zama ba. Ba ya karɓar na goro, ba ya kuma ɗaga ƙafa. Mijina yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake dakon katako da ita. Wata rana katakon ya zarto bayan mota babu jan ƙyalle, Yaya ya busa masa usur.

"Haba Yaya, ni ne fa, mijin ƙanwarka."

"Na gane ka. Motar ma na gane ta. Koma gefe."

Wata uku ba su gaisa ba. Da na je yi masa ƙorafi cewa ya yi, "Ke da kika aure shi ke za ki yi masa afuwa. Ni katako na gani."

Mota iri ɗaya ce ba ya rubutawa ko me ta yi, wato masu lambar ofishin jakadanci. In sun zo wucewa har ƙamewa yake yi ya sara musu. Bayan sun shirya da mijina, da wannan yake tsokanarsa.

"Yaya, jiya na ga wata ta bi hannun da ba nata ba a gabanka. Biron ne ya ƙare?"

"Kai ba ka san doka ba. Rigar kariya gare su. Ba a kama su, ba a binciken motarsu, ba a kai su kotu. Ƙasashen duniya ne suka zauna suka amince da haka. 'Yan aike ne. In ka taɓa na wasu a nan, za a taɓa naka a can."

"To in ya take mutum fa?"

"Mutumin da ƙasa guda ta zaɓa ta aiko ai ba mahaukaci ba ne."

Ranar da abin ya faru Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, rana ta fito tas. Ba na wurin. Mai sayar da jarida a bakin mararrabar ne ya ba ni labari, sauran kuma na ji daga bakin Yaya.

Ya tsayar da hanyar da ta sauko daga unguwar jakadu don masu ƙafa su tsallaka. Mata ne da kwandunan cefane, da wani mai baro da ya ɗauko buhunan siminti. Sai wata baƙar jif ta fito daga bayan layi, ta hau hannun masu tahowa, tana danna hon. Yaya ya sauko daga dandamali ya busa usur, ya miƙa hannun dama tafi a buɗe. Ya ce ya ga lambar sarai, amma matan suna bayansa a tsakiyar kwalta. Motar ba ta rage gudu ba. Madubin gefe ya doki hannun ya juya shi, ya faɗi, tayar baya ta bi ta kan gwiwar hannunsa.

Ba don wata bas ta gitta a gaba ba da ta wuce. Mutane suka yi wa jif ɗin zobe. Mutum ɗaya ne a ciki, dattijo mai tabarau, shi yake tuƙa kansa. Ya kulle ƙofofi, ya zaro wani kati ya manna a jikin gilashi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da waya a kunne. Mai jarida ya ce ko sau ɗaya bai waiga inda Yaya yake kwance ba.

Mai baron nan ya kifar da simintinsa ya isa gaban motar. "Fito ka ga abin da ka yi!" Ya buga motar da tafi, mutumin bai ko ɗago ba. Ya zari guntun katakon da yake tokare baro da shi ya rafka wa gilashin gaba, ya tsage daga sama har ƙasa. Wasu suka fara neman duwatsu. A nan Yaya ya ɗago kai daga cikin jini ya yi tsawa da muryar nan tasa ta aiki.

"Kada wanda ya taɓa motar nan! Ku matsa!"

Kuma suka matsa. Sun saba bin umarninsa.

Mai baro ya jefar da katakon ya dawo kansa. Ya cire rigarsa ya yaga, ya ɗaure hannun tamau a saman gwiwa, ya ciccibe shi ya sa a cikin baron da ke cike da ƙurar siminti, ya sheƙa da shi asibiti ba riga. A hanya motar 'yan sanda ta wuce su da jiniya. Jif ɗin ta je buɗa wa hanya, ta kuma raka ta har ƙofar ofishinsu.

Likita ya ce ba don ɗaurin nan ba da jini ya ƙare kafin a iso. Hannun dai bai tsira ba, a saman gwiwa aka yanke.

Kwana huɗu bayan nan ogansa ya zo asibiti da ambulan a hammata. Matar Yaya ta miƙe ta ba shi kujera, tana zaton takardar yabo ce. Takardar tuhuma ce. Ofishin jakadancin ya rubuta wa ma'aikatar harkokin waje cewa an tsare jami'insu minti arba'in, an far masa, kuma wani mai ba da hannu ya kai wa motar duka har ya karya madubi. Ana so Yaya ya yi bayani cikin kwana biyu, dalilin da ya bar dandamalinsa da dalilin da ya tare motar da ba a tsayarwa.

Ogan ya ɗora takardar a kan bargo. "Sa hannu a nan, alamar ka karɓa."

Matar Yaya ta ce, "Wane hannun, yallaɓai? Mai yin rubutun tun ranar Talata aka fita da shi a leda."

Ogan ya laluba aljihu ya fito da ɗan gwangwanin tawada, ashe ya zo da shirinsa. "Dangwala da na hagu."

Yaya ya dangwala. Har da cewa, "Na gode, yallaɓai." Ni na rubuta amsar, yana faɗa ina rubutawa, yana gyara mini inda ban sa girmamawa ba.

Mijina, wanda aka rubuta kan katako, shi ya nemo mana lauya. Wani mai furfura ne da ke da ofis a saman shagon gyaran takalma. Ya saurare mu har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido.

"Kotunmu ba ta da hurumi a kan mai jif ɗin. Ko sammaci ba za a iya kai masa ba. Sai in ƙasarsa ce ta cire masa rigar, kuma ba ku za ku roƙa ba, ma'aikatar waje ce. Gwamnati tana iya cewa ba ta son zamansa, ya tattara ya tafi, iyakarta ke nan."

Na ce, "To shi ke nan, babu inda za a ce masa don me?"

"Akwai. Kuna iya binsa ƙasarsa ku kai ƙara a can."

"Ta yaya za mu je?"

"Ku nemi biza a ofishinsu." Ya duba takardar da ke gabansa, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shi ne ma shugaban sashen bizar."

Sau bakwai na je ma'aikatar waje. Na san bencin da ke ƙofar ofishin, na san ƙafarsa mai rawa, na san sakatariyar da ba ta ɗago kai in tana cewa oga yana taro. Jami'in da ke riƙe da fayil ɗin mutum ne mai taushin murya, duk zuwa sai ya sa a kawo mini ruwan sanyi. A zuwa na bakwai ya ce amsa ta iso. Sun nuna alhini, sun yi bincikensu na cikin gida, sun gano jami'insu ya ji tsoron lafiyarsa ne. Ba za su cire masa kariya ba.

"To ku ce ya bar ƙasar mana, yallaɓai."

"Baiwar Allah, muna tsakiyar wata babbar magana da mutanen nan. Ba a ƙona rumbu don ɓera."

"Wane ne ɓeran?"

Ya mayar da idonsa kan fayil, ya ce in gaishe da mai jiki.

Su kuwa mutanen ofishin jakadancin ba su bar tasu maganar ba. Sun dage sai an hukunta wanda ya fasa musu gilashi, don doka ta ɗora wa ƙasar da suke zaune a ciki ta kare su. Sati biyar da faruwar abin aka je ƙofar kasuwa aka kama mai baro yana jiran dako, aka haɗa da baron a matsayin shaida. Sai dai mai gabatar da ƙara ya rasa wanda zai ce ya gani. Mai jarida ya ce shi yana neman canji a lokacin. Direban bas ya ce rana ce ta kashe masa ido. Mai jif kuwa ba a iya tilasta shi zuwa kotu, wasiƙa ya aiko. Saura mutum ɗaya, aka kawo wa Yaya sammaci.

Da safen da za a shiga kotu muka taru a ɗakinsa. Matarsa tana sa masa riga, ta durƙusa a gabansa.

"Ka ce ka suma. Wa zai ƙaryata ka?"

"Ban suma ba."

"Mutumin nan rigarsa ya yaga ya ɗaure maka hannu."

"Zan faɗi wannan ma."

Mijina ya ce, "Yaya, dokar nan ta cinye maka hannu, yanzu kuma mutum za ka miƙa mata ta ƙara da shi?"

Yaya ya kalli takalminsa. "In na yi ƙarya yau, mutanen da na rubuta shekara ashirin da uku fa? Zalunci na yi musu ke nan. Har da kai."

"Ni na yafe. Ka yi ƙaryar."

Yaya ya miƙe.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, fanka ɗaya ke aiki. Da Yaya ya shigo, mai baro ya washe baki daga inda aka tsayar da shi, har ya ɗaga masa hannu. Rabonsa da ganinsa tun a ƙofar asibiti. Aka rantsar da Yaya. Mai gabatar da ƙara ya tambaye shi ko ya ga wanda ya fasa gilashin.

"Na gani."

"Yana cikin ɗakin nan?"

"Yana nan."

"Nuna wa kotu shi."

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna. Ya fara cewa, "Amma shi ne kuma ya—" alƙali ya ce ya amsa abin da aka tambaye shi kawai. Lauyanmu, wanda ya tsaya wa mai baro don babu mai tsaya masa, ya miƙe ya jawo labarin rigar da ɗaurin da gudun asibiti, Yaya ya faɗa duka bai rage ba. Alƙali ya rubuta. Ya ce kotu ta yaba da wannan halin kirki, saboda haka maimakon shekara biyu ta yi sassauci zuwa wata tara.

Fara'ar mai baro ta bushe a fuskarsa, yana ta kallon Yaya har aka ja shi.

A waje matar mai baro ta tare mu, da goyo a bayanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da ya bar ka ka tsiyaye a kwalta, da yanzu yana gida." Ta gyara goyonta ta wuce.

Kwamitin wurin aiki ya gama nasa zaman bayan wata ɗaya. Ya samu Yaya da laifin barin wurin tsayuwarsa, aka sa masa takardar gargaɗi a fayil, aka yi masa ritaya saboda rashin lafiya. Aka kai wani sabo mararrabar. Jif ɗin ta ci gaba da wucewa kowace safiya da sabon madubi da sabon gilashi, kuma sabon mai ba da hannun tun daga nesa yake share mata hanya. Yaya ya koma zama a ƙofar gida. Ya koyi cin abinci da hagu, ya koyi aske gemu, maɓalli ne ya gagare shi. Ya daina gyara wa mutane magana. Wannan ya fi komai tayar wa matarsa hankali.

A wata na shida aka kawo kati mai ruwan zinariya, ofishin jakadancin yana gayyatarsa. Daga baya na gane jami'in nan mai ruwan sanyi ne ya sa sunansa, a ganinsa alheri ya yi mana. Yaya ya sa aka goge masa rigarsa mafi kyau. A mota ya ce mini, "Kin gani? Abin da ake bi ta hanyarsa yakan ɗauki lokaci." Ya zaci haƙuri za a ba shi.

Ashe rabon tallafi ne ga masu naƙasa. An jera mutum goma sha biyu a kan ciyawa a ƙarƙashin rumfa, gaban kowa an ajiye sabon keken guragu da leda a jikinsa. Na ce wa wata ma'aikaciya yayana ƙafafunsa lafiya lau, hannu ne babu. Ta duba takarda ta ce keke ne a gaban sunansa. Mai ɗaukar hoto ya ce ya zauna a ciki don layin ya daidaita. Yaya ya zauna.

Manyan ofishin suka biyo layi suna gaisawa da mutane. Na uku a cikinsu dattijo ne mai tabarau. Na ga wuyan Yaya ya sandare, a nan na san shi ne. Dattijon ya miƙo hannun dama, ya ga babu abin kamawa, ya yi murmushi ya dafa kafaɗar Yaya. Ya yi magana, tafinta ya fassara.

"Yana tambaya me ya same ka."

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni.

"Hatsarin mota ne, yallaɓai."

Mutumin ya girgiza kai cikin tausayi ya sake magana.

"Ya ce tuƙin garin nan abin tsoro ne. Ya ce shi ma an taɓa fasa masa gilashi."

Aka ɗauki hoto, ya matsa gaba. Mu muka turo keken har bakin titi, ba mu san yadda za mu yi da shi ba. Da muka isa gida Yaya ya shiga bayan gida ya yi ta amai.

Ranar da za a saki mai baro, Yaya ya ce in raka shi. Tsohon baron yana can a harabar kotu ruwa ya cinye shi, don haka mijina ya sayo sabo ya kai mana a motarsa, ya sauke mu ya koma dako. Muka tsaya a gaban ƙofar gidan yari tun hantsi. Wajen azahar aka buɗe ƙaramar ƙofa mai baro ya fito. Ya rame, an aske masa kai, yana wani tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Matarsa ba ta zo ba, ta koma wurin iyayenta da yaran tun wata na huɗu.

Ya gan mu ya tsaya. Yaya ya matsa kusa.

"Na zo ka yafe mini."

Mai baro ya kalli baron, ya kalli hannun rigar da ke lilo. Ya yi tari ya tofar a gefe.

"Yallaɓai, tambaya ɗaya na riƙe tun ranar. In yau aka sake tsayar da kai, aka ce ka nuna, za ka nuna?"

Na roƙi Allah a zuciyata ya ce a'a. Kalma ɗaya ce, babu alƙali, babu rantsuwa.

"Ban sani ba," in ji Yaya.

Mai baro ya gyaɗa kai, kamar wanda aka faɗa wa farashin da ya riga ya sani. Ya kama hannayen baron ya ɗaga, ya gwada tayar gaba da baya.

"Wannan zan karɓa, don ina da 'ya'ya. Yafiyar kuwa ka je ka nema wurin mai motar."

Ya tura abinsa ya gangara, yana tsayawa yana tari. Muka koma bakin titi jiran mota. Can Yaya ya ce in ɓalle masa maɓallin wuya, ya shaƙe shi.